Luguden Inna a Birmingham

Jama'a, jiya a wajen wasan kiɗa a unguwar Aston na miƙe ina tafi kamar yaro!

'Yata Hauwa ce ke kaɗa jita da 'yan jami'arsu. Da ƙunƙuni na baro unguwarmu Moss Side, don ƙasar nan ta cinye ƙarfina, ta cinye Hausar yarana. Wai kiɗan bossa nova na Brazil suka gauraya da na jazz. Sai ƙafata ta gane kiɗan.

Da aka tashi na ce, "Ke, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Baba, luguden Inna ne mana. Bidiyon dakanta da kake ta kallo tun rasuwarta."

Mutanen Brazil sun iya, ban hana su ba, amma turmin uwata ne ya riƙe waƙar. Ashe yarinyar tana saurare! Naku yaran fa, me suka ɗauka?