Tulun da Inna Ta Tsinta a Kufai

Har yau ban sake shan ruwa mai sanyin na tulun Inna ba, kuma na sha randunan mutane da dama.

A wani kufai ta same shi, tsakanin ƙauyenmu da Goronyo, shekarar da gulbi ya ci gaɓa ya tone ƙasa. Ta je ɗibar yumɓu sai ta ga bakinsa ya leƙo. Ɗan tulu ne baƙi, an zagaye wuyansa da dannin babban yatsa. Inna ta sa nata yatsan a gurbin, ya zauna daram. Ita marainiya ce, ba ta san fuskar uwarta ba, abin da kawai anka faɗa mata shi ne kakanninta a wajen nan sunka zauna. Daga ranar ba mai raba ta da cewa wata kakarta ce ta gina shi. Baba yakan tsokane ta, wai ta samo dangi a rami. Ba ta kula shi. Kullum da hantsi takan cika shi, ta rufe da faifai, mu yara mu yi ta zarya.

Ana nan sai mai shela ya zagaya kasuwa, wai Nasara ya kafa doka: duk tsohon abin da anka tono a ƙasa na hukuma ne, a kai wa hakimi, kuma kada wanda ya ƙara haƙa a kufai. To, wa bai san tulun Inna ba? Rabin matan unguwa sun sha ruwansa. Baba ya ce ba zai kwana gidan yari saboda kasko ba. Na ji haushinsa ranar, har yanzu ma da saura.

Inna ba ta yi gardama ba, dabara ta yi. A wurinmu in an kawo maka abu a ƙwarya, abin ciki naka ne, ƙwaryar ta mai ita ce. Ko matsiyaci ya san wannan, yakan ma ɗan sa wani abu a ciki ya mayar. Sai ta wanke tulun tas, ta cika shi da zuma, ta ɗaure bakin da ganye, ta ba Baba ya kai Wurno, inda Baturen ya sauka wurin hakimi.

Ta ce, "Mutum ne babba. In ya juye, zai aiko da shi."

Baba ya dawo ya ce Baturen ya yi murna ƙwarai, har ya yi godiya da Hausa. Zumar kuwa dogarai sunka raba.

Inna ta yi ta jira. Duk ran kasuwa sai ta tambayi masu dawowa daga Wurno ko an ba su saƙo. Damina ta wuce, wata ta zo, ta daina tambaya a gabanmu.

Bayan na girma wani malamin makaranta ya gaya mini irin waɗannan kaya can wani gari mai nisa ake tara su, cikin akwatin gilashi, mutane na zuwa kallo. Na kawo mata labarin da ɗoki, ina zaton za ta ji daɗi. Lokacin ta tsufa, idonta ya yi rauni. Sai ta ce, "Suna zuba mai ruwa?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To don mi sunka raba ni da shi?"