Tafin Hannu a Tagar Hajiya Rabi

Wallahi a kan idona wannan abu ya faru, kuma zan kiyaye kada in ƙara ko in rage. A shekarar da na gama jami'a, ina jiran aiki, nakan taya Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, a shagonsa na unguwar Bani Harisa, can ƙasa mai tsarki, inda muke manna tazlil, wato baƙar ledar da ke tare rana, a gilasan motoci da na gidaje.

Wata Laraba da hantsi, ko Alhamis, a nan kaɗai nake kokwanto, muka je unguwar Al-Awali, gidan wata dattijuwa, Hajiya Rabi, a cikin gonar dabino. An yi mata aikin ido, likita ya hana ta zama cikin haske, ita kuwa ta ƙi rabuwa da tagar da marigayi mijinta yake zama. 'Ya'yanta suka ce idan ledar ba ta zauna ba, za su mayar da ita wani bene a unguwar Al-Khalidiyya.

Ni na wanke gilashin, na kankare shi da reza, na fesa ruwan sabulu. Kawu ya manna, ya matse iskar. Muna ja da baya sai ga shatin tafin hannu a ƙarƙashin ledar, na dama, babu ƙaramin yatsa.

"Malam mai digiri, ba a koya muku wanki ba?" in ji Kawu.

Muka ɓare, na sake wankewa, wannan karon da safar hannu. Ya sake fitowa a gurbinsa. Har sau uku.

Hajiya ta matso, ta daɗe tana dubawa. "Khalas, ya waladi, shi ke nan, ɗana, ku bar shi. Na Alhaji ne, maigidana. Lauje ya cire masa yatsan a kan dabino. Nan yake dafawa idan zai tashi sallar la'asar."

Hankalina ya kwanta, na ce tsohon maiƙo ne. Sai babban ɗanta ya ja ni gefe, ya ce ai bayan rasuwar mahaifinsu aka sa wannan gilashin. La ilaha illallahu!

Kawu ya bar ledar a manne, ya naɗe kayansa, ya ce masa, "Rana dai ba za ta shigo ba." Ba a ɗauke Hajiya ba, a gindin tagar nan ta ƙarasa kwanakinta.

Kawu ma ya rasu, Allah Ya jiƙansa, kuma har yau ƙamshin ruwan sabulu yakan tuna mini da tsokanarsa. Bayani ba ni da shi. Amma idan tabo ya ƙi fita a gidan tsofaffi, ku tambayi masu gidan kafin ku kai masa reza.