Ranar da Tahiru Ya Hana a Ja Igiya

Tahiru mai haƙa rijiya mutumin wani ƙauye ne da ke arewa da Cadawa. Gajere ne, ba ya yawan magana, sana'ar kuma gadonta ya yi a wurin kawunsa. Mutum uku ke aiki a ƙarƙashinsa: Dogo da Sabo, masu jan ƙasa daga sama, sai Sufyanu, wanda ya fi su sauƙin jiki, shi ne ke yawan sauka ƙasa. Na san Tahiru tun ina koyarwa a lakol, wato makarantar bokon yankin, domin shi ya yashe mana rijiya, ban kuma taɓa jin ya ɗaga murya ba sai a ranar da zan ba da labarinta.

Da bazara ne, a ƙauyen su Sufyanu. Ana gyaran tsohuwar rijiyar gari da hantsi sai gefenta ya zabtare daga ciki, rairayi ya binne Sufyanu har ƙirji. Yana da rai, ana jin nishinsa. Kafin a ankara gari ya taru a bakin ramin, kowa yana leƙe, kowane taku kuwa yana ƙara zubo masa ƙasa a ka.

A garuruwanmu, idan abu mai nauyi ya maƙale a rijiya, takarkari ake ɗaura wa igiya ya ja, kamar yadda yake jan guga kullum. Abin da ya faɗo wa Malam Ubaidullahi, mahaifin Sufyanu, ke nan. Akwai igiya ɗaure a ƙugun ɗansa tun da ya sauka, sai ya sa aka kawo sansa, ya kama bakin igiyar zai ɗaura.

Tahiru ya fizge ta, ya naɗe ta a damtsensa, ya zauna a kanta.

"Baba, ba za a ja ba."

"Ɗanka ne ko nawa?"

"Naka ne. Amma in san nan ya ja, rabinsa za ka samu. Rairayi ba ya sakin abin da ya kama da ƙarfi."

Maigari ya matso, ya ce, "Tahiru, ba a yi wa uba haka a gaban jama'a. Tashi."

"Ranka ya daɗe, gobe ka yi mini hukuncin da ka ga dama. Yau dai kai ma koma baya, nauyinka yana cutar da shi."

Ba a taɓa gaya wa Maigari haka ba. Tahiru bai jira amsa ba. Ya sa Sabo ya ja layi da fartanya nesa da bakin rijiyar, ya ce duk wanda ya ƙetare, ko wane ne, a mayar da shi. Sa'an nan ya raba aiki, domin ya san mutumin da ba a ba shi abin yi ba, leƙe zai koma. Samari ya aika su ciro ƙofofi da azara a shimfiɗa a bakin ramin. Ya sa maƙerin gari ya fasa gindin wata gangar ƙarfe. Mata kuwa ya jera su a bayan layin da kwanoni, suna karɓar ƙasa suna zubarwa can nesa. Inna Barira, mahaifiyar Sufyanu, wadda ke ta faɗuwa ana tayarwa, ita ya sa a gaban jerin.

Dogo ya ce zai sauka. Tahiru ya ce, "Da wannan tsawon naka? Ina za ka sa gwiwoyinka? Riƙe mini igiya, kada kuma ka saurari kowa sai ni."

Ya sauka da gangar, ya zura ta a kan Sufyanu don ta tare rairayin da ke gangarowa, ya shiga kwasar ƙasa da ƙaramar ƙwarya. Aikin ya yi jinkiri ƙwarai. Rana ta take, aka kira azahar, ba a ga komai ba sai guga yana hawa yana sauka. Sau da dama Malam Ubaidullahi ya nufo layin da sansa, Sabo yana tare shi yana cewa, "Yi haƙuri, Baba, ni ma tsoron Tahiru nake ji."

Bayan la'asar aka fito da Sufyanu, ƙafa ɗaya a karye, sauran jikinsa lafiya. Aka ɗora shi a amalanke zuwa likita.

Da aka kwana biyu dattawa suka kira Tahiru, suka ce ya durƙusa ya ba uban yaro da Maigari haƙuri. Ya durƙusa, ya gaishe su yadda ya kamata, ya ce ya ji zafin abin da Malam Ubaidullahi ya ji. Amma ya ce ba zai ce ya yi kuskure ba, don kada wata rana wani ya tuna da haka ya saki igiya a ja. Garin bai sake kiransa aiki ba, har yau kuma Malam Ubaidullahi ba ya amsa gaisuwarsa sai da ka. Sufyanu dai, da ƙafarsa ta warke, ya koma aiki wurin Tahiru, yana ɗingishi kaɗan.