Gajerar da Aka Canza

Matan unguwarmu ba su iya kallon fim da baki a rufe ba. Na sha mamakin wahalar da masu shirya fim ke sha wajen tsara magana, domin a tsakar gidan Yaya ko rabinta ba a ji. Wata na faɗa wa jaruma kada ta buɗe ƙofa, wata na tsine wa saurayi, wata kuma na tambayar inda aka sayi atamfar da ke jikin uwar yarinya.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Malumfashi zuwa Funtua, kuma lokacin kallonmu kaka ne, idan an kwaso gyaɗa an jibge a gida. Mijin yayata yana da sola da talabijin, don haka bayan azahar gidansu ake taruwa. A shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, mata su zauna biyu-biyu da masaki a tsakaninsu, hannu na ɓara ido na kallo. Babu wanda ya taɓa raba wa kowa wuri, amma kowace ta san da wa take haɗa masaki. Ni ina aure a unguwar, kuma ni ke riƙe rimot, wai don na yi makaranta.

Yaya da ƙawarta suke zama. Tare suka yi makarantar allo, kaka ɗaya aka aurar da su, kuma ko ɗinkin Sallah ɗaya ba ta yi sai ɗayar ta ga yadin. A wata kaka aka kawo mana wani fim na barkwanci da soyayya a kan wasu ƙawaye biyu masu sayar da awara. Sunayensu ba su zauna mana ba, Doguwa da Gajera muke ce musu. Wani tela ne ya kamu da son Doguwa, amma kunya ta hana shi magana, sai ya riƙa bai wa Gajera tsire da turare ta kai mata, su kuwa su zauna bayan kasko su cinye tsiren suna kwaikwayon tafiyarsa. Da yake Yaya doguwa ce ƙawarta kuma ba ta kai kafaɗarta ba, kafin gyaɗar shekarar ta ƙare sunayen sun bi su. Fim ɗin ya tsaya a daidai inda tela ya je gaisuwar iyaye ya shiga gidan da ba shi ba. A gabanmu su biyun suka yi alkawari cewa kashi na biyu, duk ranar da ya fito, tare za su gan shi.

Kafin ya fito, mijin ƙawar ya samu rumfa a kasuwar hatsi ta Funtua, ya kwashe iyalinsa. An yi kuka, an yi ta waya, sannan waya ta ragu kamar yadda takan ragu. Da kaka ta zagayo, wata maƙwabciya da aka auro daga Danja, mace mai sanyin magana da saurin hannu, ta ga Yaya ita kaɗai a gaban masaki, ta zauna. Washegari ma ta zauna. Ba wanda ya ga abin magana a ciki.

Kashi na biyu ya iso mana daga wajen masu tura fina-finai a waya a Malumfashi. Ranar farko Yaya ta shige ɗaki ta ce ita da alkawari a kanta. Ɗakin nata kuwa yana kallon rumfa, dariya na shiga ta taga. Kafin a kai tsakiya ta fito neman wuƙa, ba ta koma ba.

Ranar an yi rigima. Ashe wadda ta fito a Gajera ta yi aure ta bar fim, sai masu shirin suka ɗauko wata, fara, siririya, wadda ta kusa kamo Doguwa a tsawo, suka ce ita ce. Surukar Yaya, wadda duk unguwa ke kira Hajiya, ta ce a kashe, ba za a raina mata hankali a gidan ɗanta ba. Wata ta ce muryar ma ba ta yi ba. Wata ta rantse ba za ta ƙara kallo ba, kuma ita ce ta fara zuwa washegari. Muka kalla, muka sake kalla, har yara suka haddace. Sabuwar ta iya harara, akwai kuma inda take bin tela da matsami a kasuwa yana gudu da tef ɗin awo a wuya. A hankali aka daina cewa “sabuwar”, aka koma cewa Gajera.

Ana cikin haka ƙawar Yaya ta bugo waya. Za ta zo suna a dangin mijinta, kuma ta sa an tura mata kashi na biyu a memori. Ta ce a Funtua ko'ina an gani, idan maƙwabta suka kunna tashi take ta bar musu wurin, har toshe kunne take idan yara suka fara ba da labari.

Yaya ba ta iya ce mata komai ba sai “Allah Ya kawo ki lafiya.” Daga nan ta ɗauki hijabi ta bi gida-gida tana roƙo: don Allah ranar kowa ta yi kamar ba ta taɓa gani ba. Matan suka karɓi aikin da murna, don abin ya yi musu kama da fim. Aka tsara inda za a yi dariya, da inda za a riƙe baki a yi salati. Aka ce a kore yara waje. Hajiya ce abin tsoro, don ita takan faɗi ƙarshen fim tun ana rubutun farko. Yaya ta durƙusa ta roƙe ta, Hajiya ta ce, “Ni yarinya ce? Ko tari ba za ki ji na yi ba.”

Ƙawar ta zo ta yi ƙiba kaɗan, da burodi da lemu na tsaraba. Ana shimfiɗa tabarmi 'yar Danja ta tashi da kanta ta dawo masakina, ta bar mata wurin. Ƙawar ta kwance bakin zane ta miƙo mini memorin, an naɗe shi a ƙyalle kamar laya. Na sa, na danna.

Farkon ya tafi daidai, sai dai an ɗan zarce. Tela bai gama faɗawa kwata ba wata ta riga ta kwanta da dariya. Ƙawar ba ta lura ba, idonta na kan talabijin, tana dukan cinyar Yaya tana cewa, “Kin ga mutuminki, bai canza ba.” Yaya na dariya, amma gyaɗar da take ɓarawa rabi a masaki take faɗawa rabi a ƙasa.

Sai aka nuno ƙofar gida, farar yarinyar ta shigo da kasko a ka, Doguwa ta taso da gudu ta rungume ta.

Ƙawar ta tsayar da hannu. “Wace ce kuma wannan?”

Mun shirya dariya, mun shirya salati, amma ba wadda ta tuna cewa a nan ya kamata a yi fushi. Namu fushin ya ƙare tun tuni. Mata cike da rumfa suna kallon baƙuwar fuska hankali kwance, ita kaɗai ke waige-waige tana neman wadda za ta taya ta.

“Ina Gajera? Ku ba ku gani ba ne? Ba ita ba ce fa.”

Hajiya ta yi iyakar ƙoƙarinta, na shaida. Amma tausayi ya ci ƙarfinta. Ta ce, “Ita ce mana, 'yar nan. Yi haƙuri, za ki saba. Mu ma da farko ƙin ta muka yi.”

Na ɗauka ƙawar za ta tashi, ko ta yi faɗa, don tana da baki. Ta dubi Hajiya, ta dubi Yaya wadda ta sunkuyar da kai, ta ɗebo gyaɗa ta ci gaba da ɓara. Ni ma ban tsayar da fim ɗin ba, don ba a ce in tsayar ba. Tunda asiri ya tonu, matan suka saki jiki suka koma halinsu, masu faɗin abin da zai faru suna faɗa. Da aka zo wajen matsami, Yaya ta ɗaga kai ba da niyya ba, suka haɗa ido da 'yar Danja daga masaki zuwa masaki, don wurin abin tsokanarsu ne. Ƙawar ta gani. Ta yi dariya a inda ake dariya har aka gama, aka ɗaura auren Doguwa da tela, Gajera na rawa a gaba.

Ana tattara ɓawo wata ta tambaye ta yadda ta ga fim ɗin.

“Ya yi kyau,” in ji ta. “Yarinyar ta iya, ba ruwanta. Doguwar ce ta ba ni mamaki. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta dube ta da kyau ba.”

Yaya ta ce, “Wallahi ranar farko ɗaki na shiga.”

“Na yarda.”

Na ji tausayinsu su biyun, kuma ban ga wadda zan ba laifi ba. Na miƙa mata memorinta ta ce in bar wa yara. Sannan ta je inda 'yar Danja ke kakkaɓe tabarma, ta gaishe ta da kyau, ta ce mata game da Yaya, “Idan kika ga ta yi shiru ta ɗaure kai, ba fushi take ba, ciwon kai ne. Ba za ta faɗa ba. Ki jiƙa mata tsamiya, kada ki sa sukari.” 'Yar Danja ta ce to, ta gode.

Da la'asar sakaliya ƙawar ta yi sallama. A da rakiyarsu abin dariya ce a unguwa: wannan ta raka waccan gida, waccan ta rako wannan, sai an aiko yaro kiran ɗaya. Yaya ta zura hijabi ta bi ta, da niyyar kai ta bakin titi inda ake tsayar da motar Funtua. Ina bayansu da ƙullin gyaɗar da Hajiya ta ba ta. A bakin zaure ƙawar ta tsaya ta karɓi ƙullin daga hannuna.

“Nan ma ya isa, Doguwa,” in ji ta. “Koma, kin bar mutane.”

Yaya ta tsaya a zauren har ƙawar ta sha kwana ba tare da ta waiwayo ba.