Bindigar da Ta Zauna Mata a Kafaɗa

Ina cikin shekarata ta huɗu a Guangzhou matata ta biyo ni. Sana'ata saro riguna a kasuwannin Shisanhang da Baima ina tura wa 'yan kasuwa a Kano, kuma da farko ba mu tsara za ta zo ba. Wata tafiya ce ta sauya komai. Za ta garinsu bikin ƙanwarta, 'yan bindiga suka tare hanya da rana tsaka, direba ya jefa motar cikin gona, fasinjoji suka watse. Ta kwanta cikin dawa tun azahar har la'asar, harbi yana wucewa ta samanta. Ko ƙwarzane ba ta samu ba. Jama'a suka yi ta zuwa barka. Amma ranar da na tarbe ta a filin jirgi, na san ba haka na bar ta ba. Ko murfin tukunya ne ya faɗi a gida, sai ta dafe ƙirji.

Bayan hutun sabuwar shekarar 'yan China, ranar da aka buɗe kasuwa, na tafi da ita ta ga shagunan da nake hulɗa da su. Wani mai shago ya kunna lasifika mai kwaikwayon ƙarar wasan wuta, don an hana kunna na gaske a cikin gari. Kafin in juyo ta zube ƙasa tsakanin buhunan kaya, ta rufe kai da hannu biyu. Matar mai shagon ta kawo ruwan ɗumi tana ta ba da haƙuri. Muka dawo gida.

Bayan kamar sati biyu, muna karyawa da safe, ta ce, "Malam, wurin nan da ka ce wani ɗan China ya taɓa kai ka, inda ake koyon harbi. Mata suna shiga?"

Na ce suna shiga, amma me za ta je yi a can?

Ta ce, "Ina so in ji ƙarar nan alhali ni na tayar da ita. Kullum a bayana take zuwa."

Ban so ba, gaskiya. Amma tun zuwanta wannan ne abu na farko da ta buɗi baki ta nema.

A ƙasar nan ba a mallakar bindiga. Wurin koyon harbin yana bayan gari, sai ka nuna fasfo ka sa hannu a takardu, bindigogin ma ɗaure suke da sarƙa jikin teburi, nan za ka harba nan za ka bar su. Duk da haka sai da na kwana uku ina tunanin wacce zan zaɓa mata, kamar saya zan yi. Ina ganin na san harkar, don ina yaro na sha bin kawuna farautar zabi da bindigar toka. Na yanke cewa ƙaramar fistol ce ta dace da ita: hannunta ƙarami, ba ta da ƙarfi sosai, to a ba ta ƙaramin abu.

Mai koyarwar mace ce, za ta kai hamsin, gajeruwa, da furfura a goshi. Na nuna fistol ɗin da ta fi ƙanƙanta a jerin, na haɗa ɗan yarensu da na iya da Turanci na ce wannan za a ba matata. Ta dube ni, ta dubi matata da ke tsaye bayana tana murza bakin hijabinta, ta girgiza kai. Ta ce in fara gwadawa da kaina. Na harba sau ɗaya. Abar nan ta zabura a hannuna kamar kifi, ƙarar ta ratsa abin toshe kunnen da aka sa mini, harsashin ko takardar da ake saitawa bai taɓa ba.

Sai ta yi bayani a hankali, wayata tana fassarawa. Ƙaramar bindiga ba ta da nauyin da zai shanye shurinta, duk a hannun mutum yake ƙarewa. Wanda bai saba ba, doguwa mai ƙaramin harsashi ta fi masa sauƙi, ga ta ana ɗora ta kan teburi, mutum yana zaune. Daga nan ba ta sake bi ta kaina ba. Ta kamo hannun matata, ta sa ta ɗaga bindigogi uku babu harsashi, ɗaya bayan ɗaya, tana duba ko yatsanta yana kai wa kunamar ba tare da ta miƙe wuya ba. Ta sa ta haɗa hannuwa ta leƙa ta tsakaninsu, ashe idonta na hagu ne ya fi saiti. Shekara tara muna tare ban san wannan ba, ita ma ba ta sani ba.

Matata ta taɓa ta biyun, mai gindin katako da ya sha hannu har ya yi sulɓi. Ta ce, "Wannan ta zauna mini."

Na ce, "Ba ta yi miki tsawo ba?"

Ta ce, "Malam, kai ka zaɓi taka ka gani."

Na koma kan benci na zauna.

Ta zauna, ta sa gindin a kafaɗarta ta hagu. Ta fi minti biyar yatsanta yana gefen kunamar bai shiga ba. Ina hango bayanta yana hawa yana sauka. Mai koyarwar ba ta hanzarta ta ba, ta dai ɗora tafinta a tsakiyar bayanta tana numfashi tare da ita. Na ga leɓen matata yana motsi, na san bisimilla take yi. Sai ƙara ta tashi, 'yar ƙarama, kamar an karya busasshen kara.

Ta ajiye bindigar yadda aka koya mata, bakin yana kallon gaba, sannan ta kifa kai a teburin ta yi kuka, irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar da ta sauka. Na miƙe zan je, matar ta ɗaga mini hannu in tsaya. Da ta gama ta share fuska, ta nuna sauran harsasan. Tara suka rage, ta harbe su duka. Bakwai sun shiga takardar, biyu kusa da baƙin tsakiya.

Ba zan ce ta warke a ranar ba. Har yau in babur ya yi tari a titi takan zabura, sai dai yanzu takan yi tsaki ta ci gaba da tafiya. Mun koma wurin sau huɗu ko biyar, kullum bindigar nan take nema, in wani yana kanta ta jira.

A hanyar dawowa ranar farko ta ce yunwa take ji, muka tsaya shagon taliyar Musulmin China ta cinye kwano guda tas. Tana cikin ci ta kira mahaifiyarta ta ba ta labari. Tsohuwa ta yi salati, ta ce a ba ni wayar. Na gaida ta na ɗan rusuna, duk da ba ganina take ba.

Ta ce, "Yanzu 'yar tawa ka kai ta riƙe bindiga?"

Na ce, "Ita ta nema, Inna."

Ta ce, "Na ji muryarta ta buɗe. Ta ci abinci?"

Na ce ga ta nan tana neman ƙari.