Kabarin da Na Kasa Nuna wa Surukata

Shekarun baya, wajen lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira, muna zaune a gidan haya a Kawo, ni da maigidana da yaranmu biyu. Shi yana buga tafireta a wani ofishin gwamnati, ni kuma ina gida, da yamma in je ajin yaƙi da jahilci a coci. Da tsakiyar damina ƙyanda ta shigo unguwa. Ta kama yaran duka biyu, ta saki babban, ta tafi da ƙaramar. Ba ta kai shekara uku ba.

Mu mutanen kudancin Zariya, gawa gida ake kai ta. Ko a ina mutum ya rasu, sai an mayar da shi ƙauye ya kwanta kusa da kakanninsa. To a wannan makon ruwa ya cinye gadar hanyarmu, babu motar da ke wucewa. Dattawan coci suka ce wa maigidana ya yi haƙuri, a binne ta a nan Kaduna. Ina da ciki a lokacin, kuma a al'adarmu mai ciki ba ta zuwa bakin kabari. Daga nesa matan zumuntar coci suka tsayar da ni, suna riƙe da ni suna waƙa. Abin da na iya gani kawai bayan mutane ne, da wata bishiyar dalbejiya.

Da hanya ta buɗe, surukata ta aiko da saƙo ta bakin wani direba ɗan garinmu: "Kun yar mini da jika a cikin baƙi."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Ina daka, ina wanki, tana nan. Na yi imani da tashin matattu tun ina yarinya, amma sai na tsinci kaina ina tambaya: ranar da za a kira kowa, wa zai san wannan 'yar mitsitsiyar a garin da ba nata ba? Na ji kunyar tambayar, ban faɗa wa kowa ba, har fasto.

Bayan na haihu, da kaka, surukata ta zo ganin jariri. An tura maigidana rangadi. Kwana biyu da zuwanta ta ɗaura zane, ta ɗauki fartanyar maƙwabta, ta ce, "Tashi ki kai ni wurin 'yar nan."

Na ce, "Mama, mu jira Baban yara ya dawo."

Ta ce, "Ke ba uwarta ba ce?"

Na goya jaririn muka tafi. Ni da ko a kasuwa sai in manta ƙofar da na shiga, ni ce yau jagora. Duk hanya ina ce wa zuciyata, dalbejiya, dalbejiya. Da muka isa maƙabartar sai na ga dalbejiya ta fi a ƙirga. Ciyawa ta kai ƙugu. Ɓangaren yara kuwa 'yan tudu ne ƙanana a jere, ruwa ya zaizaye su, gicciyen katakon da aka kakkafa gara ta ci, waɗansu sun faɗi, rubutun ya wanke. Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan, ina haɗa baƙaƙe da ɗan karatuna, babu abin da ya fito.

Na durƙusa na ce, "Mama, ban san shi ba." Kuka ya ƙwace mini. Abin da na ɓoye wata da watanni ya fito: "Idan ni da na haife ta na kasa gane inda take, wa zai gane?"

Na jira faɗa, don surukata ba ta da sanyin baki. Ta daɗe tsaye tana duban jerin. Can ta sunkuya ta sa fartanya a kabarin farko, ta share shi tas, ta matsa na biyu.

Na ce, "Mama, ƙila ba shi ba ne."

Ta ce, "Na sani. Ai duk 'ya'yan wasu ne." Ta ci gaba da noma, ba ta ɗago ba. "Saƙon da na aiko miki, zafin rai ne ya yi magana. Ke 'yata, da Yesu ya zubar da jininsa saboda yarinyar nan, ke kika nuna masa ita? Tun tana cikinki ya san ta. Wanda bai nemi jagora ba a lokacin, yanzu ne zai nema? Tashi ki kwashe ciyawar nan, rana na yi."

Muka share jerin nan gaba ɗaya, tana nomewa ina kwashewa, jariri yana barci a bayana. Da muka gama ta yi addu'a da yarenmu, ta ambaci sunan jikarta sau ɗaya. Maigidana da ya dawo ya je shi ma, ya tsaya tsakanin kaburbura biyu ya kasa zaɓa.

Ba zan ce muku ciwon ya warke ba. Har yau in na ga yarinya mai irin tafiyarta, sai na nemi wurin zama. Amma tambayar nan ba ta sake dawo mini ba. Na gane cewa cetonmu, nawa da nata, bai rataya a kan abin da na iya riƙewa a kaina ba. Da a kan wannan yake, da tuni mun shiga uku. Yana hannun wanda ya mutu ya tashi, shi kuwa ba ya mantuwa.

Surukata ta rasu da daɗewa, an binne ta a ƙauye kusa da mijinta, kamar yadda ta so. Tsakaninta da jikarta tafiyar wuni guda ce a mota. Murya ɗaya za ta tashe su.