Saƙon Rabi Zuwa Gonar Yaya a Doguwa

Bebeji

Ina idar da sallar asuba na hau babur. Ɗiyata Rabi, wadda ke karatun binciken yanayi a jami'a, ta bugo ta ce ruwan farkon nan na yaudara ne, fari zai biyo baya. Ga yayana Sale a Doguwa zai shuka masara gobe, irin nan kuwa shi ke nan gare shi. Wayarsa ba ta shiga.

Kafin Maiyaƙi

Nan na shiga ƙaramar bas, kusa da wani malamin allo. Abin da ke cina na faɗa masa. Rabi ta ce wasu manyan kwamfutoci ne, ɗaya kan cika zaure, ake zuba musu awon iska da zafin teku su lissafa tafiyar hadari.

“Allah gafarta malam, wannan ba duba ba ne?”

“In ka ga hadari ka kwashe shanya, duba ka yi? Lissafi ne. Ka dai ce in Allah ya so.”

Direba ya ce, “Baba, tambayar mana injin yaushe za a gyara hanyar nan.”

Tudun Wada

Na sayi ƙosai na kasa ci. Sojoji suka duba mu a bakin dajin Falgore, ni kuwa sai leƙen sama nake.

Doguwa

Bayan azahar na tarar da Yaya ya fito da buhun iri. Da muka gaisa na isar da saƙo. Ya tona ƙasa da hannu, ya nuna mini danshi har wuyan hannu.

“Injin nan ya taɓa riƙe fartanya?”

“A'a, Yaya.”

“Wa ya ce ka zo?”

“Rabi.”

Ya karkaɗe ƙasar hannunsa. A gidansa aka yaye ta.

“Rabin tawa? Ita da bakinta?” Ya ɗebi kwano ɗaya na irin don ya shuka a ɗan filin da ke bayan gidansa, ya ɗaure sauran. “Zan jira. Amma in aka yi ruwa, kai za ka zo noman farko.”

Gida

Washegari na iso Bebeji da la'asar. Na gode wa Allah, na gode wa Yaya da matarsa da suka cika ni da tuwo. Yanzu in na ga gajimare gabana faɗuwa yake, in ban gani ba ma haka. Fartanyata dai na wasa ta.